Amsa: Ganin mai ba da shawara a makaranta ba hauka ba ne

'Yar uwa sannu, Allah ya yaye miki. Kin ce ɗanki ya daina son zuwa makaranta, makaranta sun ce ya ga malamar gaidans (wato mai ba ɗalibai shawara), kina tsoron ko ana nufin ya taɓu ne. Wallahi ba haka ba ne, ki kwantar da hankalinki.

Ni na koyar a sakandare, aikin masu ba da shawara shi ne su zauna da yaro su saurare shi ba bulala ba tsawa, su gano ko manyan ɗalibai ne ke cin zalinsa, ko karatun ne bai shiga, ko wani abu ya tsorata shi. Akwai yarinyar da na sani kullum ciwon ciki da safe, an sha magani an gaji, ashe allo ne ba ta gani daga bayan aji ana mata dariya, tabarau kawai ya raba gardama.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar samar da su a makarantu, amma gaskiya abin yana min ciwo, sai ki ga an ba mutum ɗaya aikin sannan an jibga masa darasi, ba ko ofishin da yaro zai yi magana a sirrance. Ki duba yaran Ƙanƙara da Jangebe da aka sace daga makarantunsu, ai ba dawowa gida ne ƙarshen tsoro ba.

Ki je da kanki ki zauna da malamar gaidans ɗin. In abin ya fi ƙarfinta, kamar rashin barci ko yawan firgita, za ta tura ku wajen likita, akwai asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. Ki haɗa da addu'a, kuma don Allah kar a doke shi.