Cikin fyaɗe a gudun hijira: abin da dokar Sudan ta ba ku dama

Tambaya: Barista, mun gudo daga Sinja, muna zaune a wata makaranta a Gadarif. A hanya 'yan bindiga suka yi wa 'yata fyaɗe, yau sati bakwai, ga shi ba ta ga al'ada ba. Ba ta da aure. Ana ta ce mana in muka je asibiti kama ta za a yi. Me za mu yi?

Amsa: Inna, Allah ya ba ku haƙuri. Ku kai ta asibiti gobe da safe. Neman magani ba laifi ba ne, kuma tun 2005 aka daina sharaɗin sai an kawo Urnik 8, takardar nan ta 'yan sanda, kafin likita ya duba wadda aka yi wa fyaɗe. Wasu ma'aikata har yau suna nema. Ku ce a haɗa ku da babban likita.

Tsoronku yana da tushe, domin dokar shaida tana iya ɗaukar cikin mara aure a matsayin hujjar zina. Amma gyaran 2015 ga sashe na 149 na dokar laifuka ya raba fyaɗe da zina. Abin da zai kare ta shi ne a rubuta tun yanzu cewa tilasta ta aka yi: rana, wuri, da sunayen waɗanda kuke tare a hanya. Ko ba ta san fuskar kowa ba, ana buɗe ƙara. Shiru shi ne haɗarin, don in ciki ya fito ba rubutu, bayani yakan yi wuya.

Sai batun cikin. Sashe na 135 na dokar laifuka ta 1991 ya halatta zubarwa a hali uku: ceton ran uwa, mutuwar ɗan a cikin mahaifa, ko cikin fyaɗe da bai wuce kwana 90 ba, in ita da kanta ta so. Ita ce mai zaɓi, ba ke ba, ba kawunanta ba. Kun ci kwana 49. Ku sani likita daga al'adar ƙarshe yake ƙirga, shi ya sa hoton ciki zai iya nuna sati tara. Da lissafinsa za ku yi aiki, ya fi tsauri.

Asibitoci ba sa taɓawa sai da izinin niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, kuma a nan kwanaki suke zubewa. Ku shigar da ƙara a sashen kare iyali da yara na 'yan sanda, likita ya cika Urnik 8, a haɗa da sakamakon hoto a kai wa wakilin niyaba. Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, kada ku bar ta asali a hannun kowa ba tare da kwafi ba.

Ban da jiƙe-jiƙe, ban da ƙwayar kasuwa. Suna jawo zubar jini da ruɓewar mahaifa, ga ɗaurin da ya kai shekara uku.

Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Sun wuce ta, amma ki faɗa wa matan da kuke kwana ɗaki ɗaya. Ita a yi mata gwajin HIV, tunjere da ciwon hanta. In ta zaɓi riƙe cikin, ta fara awo, takardun ƙarar kuma ku adana su, za su yi amfani ranar yi wa jaririn rajista.