Ko sa majiyyaci ya biya wani kaso yana rage tsadar inshorar lafiya?

Malam, kan tambayarka ko inshorar da ke sa mutum ya biya wani kaso daga aljihunsa ta fi alfanu: tana rage kashe kuɗi, amma da sauran rina a kaba.

Cibiyar bincike ta RAND ta gwada wannan a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1982. Waɗanda aka ɗora wa kaso mai yawa sun kashe ƙasa da waɗanda ake duba su kyauta da kusan kashi 30 cikin ɗari. Sai dai majiyyaci ba likita ba ne, bai san wace ziyarar asibiti ce ta zama dole ba, don haka ya rage mai amfani da marar amfani baki ɗaya. Talakawa masu hawan jini su suka fi shan wuya, domin an fi shawo kan jinin nasu idan magani kyauta ne.

Shi ya sa a ganina bai kamata a caji mai ciwon suga ko hawan jini kan maganinsa na kullum ba, tunda kwanciya asibiti ta fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Wata hanyar neman rage kashe kuɗi kuwa, wato bibiyar majiyyata bayan an sallame su daga asibiti, kada ka ɗauka tabbas ce. Gwajin da aka yi a birnin Camden na Amurka, aka fitar a 2020, bai rage komawarsu asibiti ba.