Tambaya da Amsa: Yaya Zan Riƙe Sunayen Cututtukan Fata da Farce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya. Mun shiga darasin fata da farce, sunayen kuma sun yi mini yawa. In na haddace da dare, kafin gari ya waye sun tsere. Ga tsawo, ga kama da juna. Akwai wata dabara, ko dai haddar ce kawai? Sannan me ya sa hotunan da ke cikin littattafanmu ba sa kama da abin da nake gani a jikin marasa lafiya a asibiti? Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Tambayoyinki biyu ne, kuma a wurina ta biyun ta fi nauyi, amma bari mu fara da ta farko.

Abin da ya sa sunayen suke tsere miki shi ne kina haɗiye kowanne a dunƙule. Mafi yawansu gini ne da aka yi da tubala kaɗan na Girkanci da Latin, ana ta jujjuya su. Fata a Girkanci derma ce, a Latin cutis. Farce a Girkanci onyx ne, shi ne yake zama onycho a cikin kalma, a Latin kuma unguis. Gashi tricho, fangas (irin ƙwayar cutar da ke kawo makero) myco, baƙi melano, fari leuko, bushewa xero. A farkon kalma, epi na nufin a kan abu, sub da hypo a ƙarƙashinsa, para a gefensa, intra a cikinsa. A ƙarshenta, itis kumburi ne, lysis rabuwa ko narkewa, oma tsiro, osis kuwa yanayin ciwo. Waɗannan kaɗai za su buɗe miki fiye da rabin darasin.

Ki riƙa karanta kalma daga wutsiya zuwa kai. Ɗauki onychomycosis, wadda ke tsorata kowane sabon ɗalibi: osis ciwo, myco na fangas, onycho a farce. Shi ne farcen nan da yake kauri, ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, yana marmashewa, galibi a babban yatsan ƙafa. Onycholysis kuwa farce ne ya saki naman da ke ƙarƙashinsa. Paronychia kumburin gefen farce ne, wanda ya fi kama masu wanki da wanke-wanke saboda hannunsu ba ya rabuwa da ruwa da sabulu, mutane kuma sukan haɗa shi da sauran ciwon yatsa su ce ɗan karkare. Wannan ba na jarrabawa ba ne kawai. Ranar da aka ce ki yi allura intradermal, kamar rigakafin BCG na tarin fuka da ake yi wa jarirai a damtse, cikin fatar kanta ake nufi, har sai ɗan tudu ya taso. In aka ce subcutaneous, kamar allurar insulin, kitsen da ke ƙarƙashin fata ake nufi. Wadda ta rikita su ta saka magani inda bai dace ba.

Sai dai dabarar tana da ramuka, gara ki san su tun yanzu. Kerato daga kalmar ƙaho ta fito, don haka keratin shi ne sinadarin da ya gina farce da gashi da saman fata. Amma keratitis ba ciwon fata ba ne, kumburin gilashin ido ne. Haka mycosis fungoides, duk da sunan yana kiran fangas har sau biyu, nau'in ciwon daji ne (kansa) na fararen ƙwayoyin jini da ke bayyana a fata. Likitan da ya raɗa masa suna a Faransa ya ga tsiron ya yi kama da laimar kwaɗi ne, sunan kuma ya zauna. Irin waɗannan dole a haddace su daban, sa'ar dai ba su da yawa.

Akwai rukunin kalmomi da na fi son ki riƙe fiye da sunayen cututtuka, wato kalmomin siffanta abin da ido ya gani. Wani likita ɗan Ingila, Robert Willan, wanda ya rasu a 1812, yana cikin waɗanda suka fara tsara cututtukan fata bisa siffar ƙurji, kuma har yau a kan tsarinsa muke. Mu da Hausa kusan komai ƙurji ne ko ƙuraje, amma a asibiti sai an rarrabe. Ki rufe ido ki shafa wurin da yatsa, da safar hannu in da bukata. In ba ki ji tudu ba, launi ne kawai ya sauya, macule ne. In kin ji ɗan tudu mai tauri da bai kai santimita 1 ba, papule ne. In ya fi haka girma kuma ya nutsa cikin fata, nodule. In ƙarami ne mai ruwa garai-garai irin na farankama, vesicle. Babba irin bororon ƙuna, bulla. Mai mugunya, pustule. Ma'aikaciyar jinyar da ta rubuta cewa akwai papules masu ƙaiƙayi a tsakanin yatsu da wuyan hannu da kewayen cibiya, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ƙannen yaron ma suna susa, ta gama wa likita aiki ko da ba ta ambaci ƙazuwa ba. Ta kuma nuna cewa gidan gaba ɗaya za a yi wa magani, ba yaron kaɗai ba. Kullum ki siffanta kafin ki sa suna.

Yanzu tambayarki ta biyu. Idonki bai yaudare ki ba. Wani bincike da Louie da Wilkes suka wallafa a 2018 ya duba hotuna sama da 4,000 a manyan littattafan likitanci huɗu da ake koyarwa da su a Amurka, ya tarar kashi 4.5 cikin ɗari ne kacal ke nuna baƙar fata. Wannan giɓi ne ya sa wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, tare da malamansa suka fitar da ɗan littafin hotuna mai suna Mind the Gap a 2020, ana samun sa kyauta a intanet. Ki neme shi.

Kalmar da ta fi cutar da ɗalibanmu ita ce erythema. Littafi zai ce miki ja ne. A fatar Bature haka ne. A fatar yaron Daura ko Maraɗi kuwa, wurin da ya kumbura sai ya ƙara duhu, ko ya yi shuni-shuni, ko toka-toka, wani lokaci ƙyalli kawai za ki gani. In kina jiran ki ga ja, ciwo zai ci ƙafar mai ciwon sukari kina tsaye a kansa. Ki fito da majinyaci inda hasken rana yake, ki kwatanta da ɗaya ɓangaren jikin, ki ɗora bayan hannunki ki ji ɗumi, ki tambaye shi ko akwai zafi. Ƙurajen ƙyanda a jikin yaranmu sau da yawa hannu ne ke fara jin su kafin ido ya gani. Ƙarancin jini a cikin fatar ido ta ƙasa da tafin hannu da harshe ake duba shi, ƙarancin iskar numfashi kuma a harshe da cikin leɓe. Abin yana ba ni takaici, domin yara da yawa sun makara wajen samun magani ba don sakaci ba, sai don an koya wa mai duba su alamar da ba ta bayyana haka a jikinsu.

Ga misali ɗaya da nake so ki riƙe har ƙarshen aikinki. Mutum ya zo da wani fili a baya ko a damtse da ya fi sauran jikinsa haske. A littafi hypopigmented ne, wato launi ya ragu. Mafi yawan lokaci kyasbi ne, wanda wani fangas mai suna Malassezia ke kawowa, kuma in kin kankare shi a hankali za ki ga ɗan gari-gari yana tashi. Amma kafin ki ce kyasbi, ki murza auduga ta yi tsini, ki taɓa lafiyayyar fata yana kallo don ya gane abin da kike nufi, sannan ki ce ya rufe ido ya nuna miki duk inda kika taɓa. In kin taɓa tsakiyar filin bai ji ba, ki tura shi wurin likita a ranar, domin alamar kuturta ke nan. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'inta, kuma wanda aka gano da wuri ba ya rasa yatsa. Gwajin bai kai minti biyu ba.

Farce kuma yana ba da labarin jiki gaba ɗaya. Na hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, ya ɗauki kusan wata 6 kafin ya sabunta, na ƙafa kuwa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ya sa maganin fangas ɗin farce yake daɗewa har majinyaci ya gaji ya bari. In kin ga kwari ya ratsa dukkan farata a wuri guda, layin Beau ke nan: tsiron ya tsaya lokacin wata rashin lafiya mai tsanani, kuma daga nisansa da gindin farce za ki iya ƙiyasta watan da aka yi ta. Koilonychia farce ne da ya lotsa a tsakiya har ɗigon ruwa ya iya zama a kai, yana yawan nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Kan yatsa da ya kumbura farce ya lanƙwasa a kansa yana iya nuna ciwon huhu ko na zuciya da ya daɗe. Ki sa mutum ya haɗa bayan faratan manuniyarsa biyu. Ga mai lafiya ɗan tagar haske tana bayyana a gindinsu, ga wannan kuwa ta rufe. Lalle yana ɓoye launin farce, don haka ga matanmu ki duba wanda bai sha ba ko sabon tsiron da ke gindi.

Melanonychia, baƙin layi a tsawon farce, abu ne da ya zama ruwan dare ga baƙar fata, musamman manya, kuma yawanci ba komai ba ne in yana farata da yawa. Wanda ake tsoro shi ne sabon layi a farce guda, yana faɗaɗa, launin yana malalowa kan fatar gindin farce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley kansar fata ce irin wannan ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36, kuma a ƙarƙashin farcen ƙafa ta fara.

Game da yadda za ki yi karatun, ki samu ɗan littafi mai shiga aljihun rigar aiki. Kowace kalma ki rubuta ta, ki farfasa ta, ki rubuta abin da majinyata ke kiran abin, sannan ki bar fili har ranar da kika gan shi da idonki, ki siffanta. Kalma biyar a rana da aka haɗa da jikin mutum ta fi hamsin da aka haddace a kan katifa. Kada dai ki ɗauka sunan Hausa da na littafi kullum suna faɗawa a kan juna daidai. Abin da uwa ta kira makero ko kirci ko borin jini sai kin duba da kanki. Jarrabawarku tana bin rubutun Ingila, don haka oedema da naevus za ki rubuta ko da kin ga an yar da wasu haruffa a littattafan Amurka. Hoton majinyaci kuwa ba a ɗauka sai da yardarsa, kuma ba a tura shi zauren WhatsApp na 'yan aji.

Tambaya ɗaya kada ki manta da ita ga duk mai ciwon fata: me kika shafa? Mayukan nan masu haɗin magani uku da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, da mayukan bilicin, da yawansu akwai sitiroyid a ciki, wato maganin kwantar da kumburi. Yana kwantar da ƙaiƙayi ya share gefen makero, fangas ɗin kuma ya ci gaba da yaɗuwa, har siffarsa ta ɓace wa mai dubawa. Wannan shi ne tinea incognito. Mutane ba sa ɗaukar man shafawa a matsayin magani, don haka in kin ce "kin sha magani?" za a ce miki a'a. Ki ce a kawo miki kwalin ko bututun ki karanta abin da ke ciki da kanki.