Fledgling Ba Ɗan Tsako Ba Ne: Kalmomin Turanci Kan Gashin Ɗan Tsuntsu

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da kalmar fledgling a jaridun Turanci, wani lokaci a kan tsuntsu, wani lokaci a kan kamfani ko gwamnati. Na fassara ta da ɗan tsako, aka ce ban yi daidai ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wanda ya gyara maka yana da gaskiya. Turanci ya raba ƙuruciyar tsuntsu mataki-mataki. Hatchling shi ne wanda aka ƙyanƙyashe yanzu-yanzu. Nestling, daga nest wato sheƙa, shi ne wanda ke kwance a sheƙa, jiki tsirara ko da ɗan lallausan gashin da suke kira down, sai an ɗura masa abinci a baki. Fledgling kuwa ya yi gashi, ya bar sheƙa, yana gwada tashi, amma jelarsa gajera ce, kuma iyayensa ba su daina ciyar da shi ba. Ɗafa-ƙeyar -ling ƙanƙanta take nunawa, kamar yadda duckling ke nufin ɗan agwagwa.

Mai kiwon tattabaru zai fi kowa gane wannan. Tattabara na kwanci kimanin kwana 18, ɗan shila ya fito ido a rufe, ya yi wajen wata guda a sheƙa kafin ya tashi. A tsakanin nan gashinsa ke tsirowa kamar ƙayoyi, kowane cikin kube, da jini a gindinsa. Su ne pin feathers, kuma in ɗaya ya karye tun yana ɗanye yakan zubar da jini. Ranar da ɗan shilar ya bar sheƙa aka ce ya fledge. Ɗan tsako ba haka yake ba. Bayan kwana 21 yana fitowa ido buɗe, da lallausan gashinsa, ba da jimawa ba ya bi uwarsa yana tsattsagar ƙasa. Bai yi zaman jiran ɗura ba, don haka ba a ce masa fledgling, chick ake ce masa.

Asalin fledge tsohuwar sifa ce mai nufin wanda ya isa tashi, tushenta ɗaya da fly. Jamusanci har yau yana da 'yar'uwarta, flügge.

Inda ake aro kalmar ga mutum ko hukuma, nan mai fassara ya kamata ya nutsu. Bature na kallon sabon abu a matsayin tsuntsu mai koyon tashi, mu kuwa yaro mai koyon tafiya muke gani. Saboda haka fledgling democracy ita ce jaririyar dimokuraɗiyya, fledgling company kamfani ne da ke rarrafe ko tatata, fledgling writer kuma sabon shiga a rubutu. Babu zagi a cikinta, har ma akwai fatan abin zai girma.

Tambaya: To full-fledged fa, zan iya cewa ya yi fiffike?

Amsa: A'a, kada ka kuskura. A Hausa yin fiffike ba yabo ba ne. Karin magana ta ce in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, kuma in aka ce yaro ya yi fiffike, ana nufin ya fi ƙarfin masu faɗa masa. Full-fledged kuwa cikar matsayi ce: gashi ya kammala, ba sauran jiran kowa. Full-fledged doctor cikakken likita ne wanda ya gama horo, full-fledged war yaƙi ne gadan-gadan. Mutanen Amurka full-fledged suke rubutawa, na Ingila sun fi son fully fledged, ma'ana ɗaya ce.

Akwai wani kuskure da ya fi kama mu Hausawa, domin harshenmu bai raba f da p ba: rubuta full-pledged. Pledge alkawari ne ko jingina, ba ruwanta da gashi. Haka fled, wato ya gudu, daga flee take, ba ta da d-g-e a ƙarshe.

Tambaya: Malam, na ga callow a ƙamus an ce tana da alaƙa da tsuntsu.

Amsa: Haka ne. A tsohon Turanci calu na nufin mai sanƙo, daga nan aka riƙa kiran ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba callow. Yau kusan ba a jin ta sai a kan matashi, callow youth, wato mai ɗanyen kai. Ita tana ɗauke da raini, saɓanin fledgling, don haka ba a faɗa wa wanda ake son ƙarfafa wa gwiwa.