Fatawa: Ya halatta in koyar da darasin Darwin a aji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamar Bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau. A manhajar 'yan ajin ƙarshe akwai babin sauyawar halittu na Darwin, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kansa. Littafin ya kuma ce duniya ta kai shekara biliyan 4.5. Bara tsallake babin na yi don tsoron imanina, sai ga shi ya fito a jarrabawa. In koyar ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya ƙara miki tsoronsa. Ki koyar, ya halatta. Tsallakewar da kika yi bara ita ce ma abin gyarawa, domin manhaja amana ce da kika karɓa, kina kuma cin albashi a kanta. Sai dai babin nan abu uku ne aka ɗaure da igiya ɗaya, kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne shekarun duniya, kuma babu nassi ingantacce da ya ƙayyade su. Alƙur'ani ya ce an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, amma shi ne kuma ya ambaci yinin da yake kamar shekara dubu a Suratul Hajji aya ta 47, da yini mai tsawon shekara dubu hamsin a Suratul Ma'arij aya ta 4. Wanda ya auna duwatsu ya ce biliyan 4.5 bai ƙaryata aya ba. Allah ma cewa ya yi a Suratul Ankabut aya ta 20 mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fara halitta. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini dutsen farar ƙasa daga wajen Kalambaina, inda ake siminti a Sakkwato. Na juya shi a tafin hannuna, ga siffar bawon dabbar teku a jikinsa ta zama dutse, layi-layi, kamar jiya aka danna ta. Teku ya taɓa kwanciya a inda yau muke shuka gero. Ban ji komai a zuciyata ba sai tasbihi.

Ilimin duwatsu da ma'adinan ƙasa kuwa, a wurinmu mutanen Zamfara, ya wuce halacci, ina ganinsa farilla ce ta kifaya. Waye ya manta 2010? A Dareta da Bagega da 'Yargalma, cikin Anka da Bukkuyum, ana shigo da dutsen zinare cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dutsen nan cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Ajali ne, mun yi imani, amma da a kowane ƙauye akwai mace ɗaya da ta san abin da dutse ke ɗauke da shi, da an yi riƙo da sababi. 'Yan matan da ke gabanki su ne iyayen gobe a waɗannan gidaje.

Na biyu shi ne sauyin da ke faruwa cikin halittu daga zuriya zuwa zuriya. Wannan ido yana ganinsa. Klorokwin da muka sha muna yara ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, saboda masu jure masa ne suka rayu suka hayayyafa. Manomi yana ware zangarniya mafi kyau ya ajiye iri. Duk sunnar Allah ce cikin halittarsa; ɗan kimiyya yana bayanin yadda abin ke gudana, mumini yana sanin wanda ke gudanar da shi.

Na uku ne wurin tsayawa: asalin ɗan Adam. Nan nassi yankakke ne. Allah ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, daga yumɓu, ya hura masa rai, kamar yadda ya zo a Suratu Sad aya ta 71 zuwa 75. Suratu Ali Imrana aya ta 59 kuma ta haɗa shi da Annabi Isa. Likita ya san ba a haihuwa sai da uba, wannan bai hana mu gaskata haihuwar Isa ba, domin wanda ya kafa ƙa'ida, ƙa'idar ba ta ɗaure shi. Haka halittar Adamu: gaibu ne da labarin wahayi ya tabbatar. Duk wanda ya ƙudurce cewa babu Mahalicci, ko ya ƙaryata labarin Adamu bayan ya san shi, ya fita daga hanya. Amma malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, balle mai hakaito nazariyya, wato bayanin da masana kimiyya suka gabatar. Huzaifa, Allah ya yarda da shi, yakan tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da sharri don kada ya riske shi.

Ina roƙonki abu ɗaya da nake ganin ana sakaci da shi, har a kan mumbari. Kada ki yi wa Darwin ƙarya. Mutumin da ya fitar da littafinsa a Ingila a 1859 bai ce birin da ke cikin dajinmu ya rikiɗe ya zama mutum ba; cewa ya yi mutum da birai kakansu ɗaya, kuma mafi yawan masana fannin a yau suna kan haka, suna kafa hujja da ƙasusuwa da ƙwayoyin gado. Ki faɗa musu haka ƙarara. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana mu barin adalci ko ga wanda muke ƙi. Yarinyar da aka ɓoye wa magana, ranar da ta ci karo da ita a wayarta ko a jami'a, za ta ɗauka addininta ne ya ji tsoro, kuma wannan ya fi babin haɗari.

Saboda haka ki fara darasin da gaya musu aƙidarmu a kan Adamu cikin 'yan mintuna, sannan ki koyar da babin cikakke. A jarrabawa su rubuta "a cewar Darwin", ba komai a kansu. Ki sa su kawo duwatsu daga garuruwansu a jera a tebur, banda na ramin zinare, kuma kowa ta wanke hannu bayan darasi. Wadda shubuha ta kama, kada ki tsawata mata a gaban aji. Ki zauna da ita, in abin ya fi ƙarfinki ki haɗa ta da malamin addinin makarantar.

Wallahu a'alam.