Karena yana jin magana a gida, amma da mun fita sai ya birkice

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a unguwar Zariya nan Maraɗi. Ina da kare namiji, irin namu na gida, ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni, don gadi na ɗauko shi. A tsakar gida idan na ce ya zauna yana zama, idan na kira shi yana zuwa. Amma da zarar na fita da shi, ya ga ɗan kabu-kabu ko awaki ko wani kare, sai ya zabura, ya yi ta haushi yana fizgar sarƙa, ko sunansa ba ya ji. Kwanan baya ya kufce ya bi akuyar maƙwabciyarmu. Allah ya tsare bai kama ta ba, amma sai da aka kai ruwa rana kafin a sasanta. Ina zane shi da bulala, abin sai ƙaruwa yake. Wani ya ce in sayi sarƙar wuya mai shaƙewa, wani ya ce ya riga ya girma, ba zai horu ba. Yini yake ɗaure a bakin ƙofa, sai dare nake sakinsa. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Karenka bai wuce horo ba, kuma ba taurin kai ke damunsa ba. Gaskiya ne lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da dabbobi da ƙarar mashin shi ne daga sati 3 zuwa wajen sati 12 da haihuwa, kuma wannan ya wuce ka. Aikin zai ɗauki lokaci ke nan, amma kare yana koyo har tsufansa. Naka ma yanzu yake cikin tashen ƙuruciya, shekarun da ko kare mai kyan hali yake gwada haƙurin mai shi.

Fara gane abin da ya sa yake jin maganarka a gida ba ya ji a waje. Kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri guda ya kai ko'ina da kansa. "Zauna" da ya koya a gindin bishiyar tsakar gida, a wurinsa ta gindin bishiyar ce, sai an sake koya masa a zaure, a ƙofar gida, a bakin hanya. Na biyu, wanda ya fi wannan muhimmanci, idan hankalinsa ya tashi ya wuce wani mataki, kunnensa toshewa yake. Kamar ka zaunar da yaro a tsakiyar babbar kasuwa ne ka ce ya biya allonsa ana guje-guje a kansa. Hanyar gane wannan mataki mai sauƙi ce: miƙa masa tsokar nama. Kare mai yunwa da ya ƙi kallon nama ya riga ya wuce inda ake koyo. Magana da shi a lokacin ɓata baki ce, abin da ya rage kawai ka janye shi nesa.

Ka haɗa abubuwa uku a tambayarka, mashin da awaki da karnuka, amma tushensu ba ɗaya ba ne. Gobe idan kun fita, kar ka kalli mashin ɗin, kalli karen. In ka ga ya yi tsit, ya sunkuyar da kai daidai da kafaɗa, kunnuwa sun miƙe gaba, ido ya kafe a kan akuya, ƙafa ɗaya a ɗage, wannan sha'awar farauta ce. Daɗi yake ji, motsi ke jansa. Karnukanmu na Sahel, musamman masu jinin dogon karen Azawak na Buzaye, da ido suke farauta, duk abin da ya ruga sai ransu ya biya. In kuwa ka ga gashin gadon bayansa ya tashi, kunnuwa sun kwanta, yana lasar leɓe, yana hamma ba barci ba, ya yi gaba ya yi baya yana haushi, to tsoro ne, so yake abin ya tafi. Yawancin karnukan da ke tayar wa 'yan'uwansu karnuka a kan igiya tsoro ne ke cinsu, ga shi an ɗaure su ba hanyar gudu.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa bulala ta ƙara dagula lamarin. Tun sama da shekara ɗari masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna cewa kare yana haɗa abu biyu da suka zo tare a kansa. Naka ya ga wani kare, sai zafi ya sauka a bayansa. Abin da ya koya shi ne ganin kare yana kawo duka, don haka gobe tun daga nesa zai fara korarsa. Sarƙa mai shaƙewa ita ma haka take, ga kuma rauni a maƙogwaro ga kare mai fizga irin naka. Kada ka saya. Masu cewa sai ka nuna wa kare kai ne shugaban garke ta hanyar ƙarfi, maganarsu ta samo asali daga binciken da aka yi kan kyarketai, dangin kare na daji, da aka tsare a gidan namun daji a shekarun 1940, kuma masanin kyarketai na Amurka David Mech ya bayyana a 1999 cewa a daji garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'ya. Abin da ya fi ba ni tsoro game da dukan kare shi ne yana kashe gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Karen da aka daka har ya daina gurnani bai daina jin tsoro ba, sanarwa ya daina, wata rana sai dai a ji ihun yaro.

Kafin wani horo, ɗauke shi daga bakin ƙofa. Yini guda yana kallon mashin na wucewa, ya yi haushi, mashin ya tafi. A tunaninsa haushinsa ne ya kore shi, kuma wannan darasi yana maimaita shi safe da yamma ba tare da kai ba. Ƙara da yaran unguwa masu tsokana da jifa. Mai da shi can cikin gida inda ba ya ganin hanya, a inuwa, da ruwa a gabansa kullum. In da hali a kewaye masa wuri a sake shi ciki ya fi ɗauri. Wannan kaɗai yakan rage masifar.

Sai aikin gida. Tanadi abin da yake so ƙwarai: tafasasshen nama ko hanta ko huhu, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, ba albasa ba tafarnuwa, don suna lalata jinin kare. Kilishi da tsire ba na horo ba ne saboda yaji. Zaɓi kalma guda da za ta zama alamar ya yi daidai. Ni "yawwa" nake so. Ka ce yawwa, ka ba shi guda, ka maimaita har ka ga da ya ji kalmar ya ɗago kai. Daga nan duk abin da ya yi daidai, a daidai lokacin za ka ce yawwa, lada ya biyo baya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka tsaya lalube a aljihu har ya tashi, tashin ka saka wa. Na san mutanenmu da yawa ba sa son yawun kare ya taɓa hannu ko tufafi. Ba laifi, jefa masa a ƙasa kusa da ƙafarka. Sansanar ƙasa ma tana kwantar masa da hankali. Kuma kada wani ya sa ka ji kunyar wannan aiki wai al'adar Turawa ce. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koyar, mafarautanmu kuwa sun daɗe suna kiran karnukansu daga daji su dawo.

Abu uku nake so ya iya kafin ku sake tunkarar hanya: ya dube ka idan ka kira sunansa, ya juya ya bi ka idan ka ce "mu je", ya ɗauke kai daga abu idan ka ce "bari". Zama yana da kyau, amma waɗannan ukun su za su cece ka a waje. Minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci. Kalma sau ɗaya ake faɗa. Mutanen gida duka su yi amfani da kalmomi iri ɗaya, kuma kada a taɓa kiransa don a dake shi, in ba haka ba "zo" ta mutu.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato tazara. Nemi aboki mai mashin ku je fili, irin filayen bayan gari ko rairayin Gulbi lokacin rani. Ya tsaya can nesa, mashin a kashe. Kai ka matso da karen har inda ya ga mashin, ya lura da shi, amma bakinsa a sake, yana karɓar nama. Ko taku hamsin ne, ko ɗari, karen ne zai faɗa maka. Da ya kalli mashin ka ce yawwa, ka ba shi. Ya sake kallo, yawwa, ka ba shi. Ba ka hana shi kallo, ba ka ja igiya. Bayan an yi ta yi, za ka ga wani abu da nake so ka sa ido a kai: ya kalli mashin, sai ya juyo da kansa ya dube ka yana jiran rabonsa. Wannan juyowar ita ake nema. Ranar da ka gan ta, ƙara masa lada, ku tashi haka nan.

Daga nan sai a ƙara wuya kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda. A tayar da mashin yana tsaye. A tura shi da hannu. A hau a tafi a hankali, a gicciye, ba a nufo ku ba. In za a ƙara gudu, a ƙara nisa. In za a rage nisa, a rage gudu. Duk inda ka ga ya rufe baki, jiki ya sandare, ya fara fizgar nama da ƙarfi daga hannu ko ya ƙi shi, kun yi sauri, koma baya inda ya iya. Haka za ka yi da wani kare, ka samu mai natsuwa a hannun mai shi, ku yi tafiya gefe da gefe da tazara mai yawa, kada a haɗa su fuska da fuska. Mutane a nan suke karaya, don sati biyu na farko kamar ba a yin komai. Ana yi. Kawai ka lissafa da watanni.

Cikin gari dole wata rana mashin ya ɓullo daga lungu ba zato. Ce "mu je", juya, ku shiga wani lungu ko bayan mota. In ya riga ya birkice, kar ka yi tsawa, kar ka ce zauna, ja shi nesa kawai. Bayan irin wannan tashin hankali jikinsa ba ya sauka nan take, ba shi kwana ɗaya ko biyu a gida da wasa da neman abinci da aka watsa a ƙasa.

Maganar akuya kuwa zan gaya maka gaskiya. Kare da ya taɓa ɗanɗana daɗin kora zai iya koyon wucewa ta gefen awaki a kan igiya lafiya lau, amma ban ba ka shawarar ka taɓa sakinsa inda suke ba. Jar akuya a Maraɗi jarin mata ce, nono da kuɗin magani da kayan ɗiya duk a kanta suke, kuma karen da ya yi suna da bin dabbobi ƙarshensa guba ko sanda. Duba katangarka da ƙofarka tunda da dare kake sakinsa. Je ka gaya wa maƙwabciyar matakin da ka ɗauka. Sha'awar korar kuma ba ta mutuwa, sai dai a ba ta mafita: ɗaura tsumma a igiya a bakin sanda, ka ja a ƙasa ya bi, ka ce bari ya saki, ya zauna, sannan a sake. Wasa ne, kuma horon "bari" ne a lokacin da jininsa ke tafasa.

Kada ka ji tsoron wai zai daina gadi. Haushi a kan baƙon motsi da dare a jininsa yake. Abin da za ka samu shi ne kare da za ka ce ya isa ya yi shiru, baƙo ya yi sallama ya shigo lafiya. Kuma a hana samari cuna shi ga mutane da sunan wasa.

Kayan aiki kaɗan ne: ɗamarar ƙirji ko faffaɗan abin wuya na fata, igiya mai ƙarfi wajen mita biyu ta tafiya, da doguwa ta fili. Ga lunguna masu yara, saba masa da takunkumi mai raga wanda zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki, don da haki kare ke rage zafin jiki. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, sai a yi horo bayan asuba ko gab da magariba. Ɗora bayan hannunka a rairayi, in ba ka jure ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

Kai shi wurin likitan dabbobi a ma'aikatar kiwo tun kafin ku fara. A duba kunnuwa da haƙora da kaska, don ciwo yana sa kare saurin fushi. A yi masa rigakafin haukan kare, wadda ake fara yi tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa, ka adana takardar. In kuwa ka ga hali ya canza kwatsam, yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu, wannan ba maganar horo ba ce: a killace shi, kada kowa ya taɓa shi, a kira likita. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.