Amsa: Ajiye jerin sarakuna tukuna, fara da iskar monsun

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an ba ku Indiya a gasar kacici-kacici, tarihinta da labarin ƙasarta da adabi da kimiyya duk a haɗe, kuma duk sunaye da shekarun da ka haddace kwana biyu sai su zube, kana neman inda za ka kama. Shawarata ita ce ka fara da iskar monsun. Idan ka gane yadda take tafiya, rabin tambayoyin labarin ƙasa za ka amsa su da hankali ba da hadda ba, kuma tarihi mai yawa a jikinta yake rataye.

Ba baƙuwa ba ce a wurinka. Abin da ke kawo mana damina daga kudu maso yamma, ya juya ya zama hunturu daga arewa maso gabas, shi ne dai ke aiki a can, sai dai nasu ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, teku kuwa a hankali. A watan Afrilu da Mayu filayen arewacin Indiya da Pakistan sukan wuce digiri 45, iskar da ke kansu ta yi sauƙi ta tashi sama, matsin iska ya faɗi. A daidai lokacin kudancin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, sanyi ake yi, matsin iska na sama. Sai iska ta taso daga can ta nufi arewa. Kafin ta haye ikwaita daga kudu maso gabas take busowa. Tana hayewa sai juyawar duniya ta karkatar da ita dama, ta koma tana busowa daga kudu maso yamma. Tana ratsa gaɓar Somaliya da gudu, ta kwashi tururin teku na dubban kilomita, sannan ta faɗa wa Indiya. Abin da ya ƙara mata ƙarfi kan tamu shi ne Himalaya da tudun Tibet mai tsayin sama da mita 4,500. Tsaunukan sun tare busasshiyar iskar tsakiyar Asiya, sun kuma hana mai laimar wucewa, dole ta sauke kayanta a kudu da su.

Yanzu ɗauko takarda ka zana da hannunka, kada ka tsaya kallon taswirar waya. Zana Indiya, tsininta a ƙasa. Ja layi mai kauri a gefen yamma, dab da teku: tsaunukan Western Ghats ke nan, tsawon kusan kilomita 1,600. Ja baka a sama, Himalaya. A arewa maso yamma ja gajeren layi a karkace, daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, Aravalli. A can gabas, saman Bangaladesh, sa ɗan tudu, Khasi. Sannan kibiya biyu: ɗaya ta fito daga Tekun Larabawa ta bugi gaɓar yamma, ɗaya ta bi ta Mashigin Bengal, ta ci karo da Himalaya, ta lanƙwasa yamma ta bi kwarin kogin Ganges har Delhi. Ka maimaita zanen nan har ka iya shi ido rufe.

Ƙa'ida ɗaya ce ke fassara zanen. Iska mai laima idan ta hau tsauni tana yin sanyi, kusan digiri 6 a kowace kilomita ɗaya ta hawa, tururin ya zama gajimare, ruwa ya zuba a gefen da ta bugo. Idan ta gangara ɗaya gefen ta riga ta bushe. Shi ya sa Mumbai ke samun sama da milimita 2,000 a shekara, Mahabaleshwar da ke kan tsaunin ya haura 5,000, amma Pune, da ba ta fi kilomita 150 daga Mumbai ba, tana wajen 700 ne kawai, ƙasa da abin da Kano ke samu a shekara mai kyau. Bayan tsaunukan nan, a tudun Deccan, dawa da gero da auduga ake nomawa, ba shinkafa ba, kuma nan ne fari ya fi addaba. Hamadar Thar kuwa, kibiyar Tekun Larabawa tana bi ta kanta, amma Aravalli a kwance yake tare da hanyar iskar, bai tare ta ba balle ya ɗaga ta, ga kuma busasshiyar iska mai zafi a sama tana danne gajimare. Jaisalmer da ƙyar take ganin milimita 200.

A tudun Khasi abin ya wuce misali. Iskar Bengal tana ratsa filin Bangaladesh babu abin da ya tare ta, sai ta shiga kwaruruka masu tsukewa, su cilla ta sama lokaci guda. A nan masu shirya gasa ke ɗana tarko. Idan an tambayi wurin da ya fi yawan ruwa a matsakaicin shekara, Mawsynram ne, kusan milimita 11,870. Idan an tambayi wanda ya kafa tarihin wata goma sha biyu, Cherrapunji ne: milimita 26,461 daga Agustan 1860 zuwa Yulin 1861. Garuruwan maƙwabta ne, duka a jihar Meghalaya. Abin mamaki, da rani mutanen wurin kan yi wahalar ruwan sha, don dutse ne, ruwan ba ya zama, gangarewa yake yi zuwa Bangaladesh.

Ranaku kaɗan sun ishe ka. Iskar tana isa tsibiran Andaman wajen 20 ga Mayu, amma "shigar damina" a hukumance ita ce isarta jihar Kerala da ke kudu maso yammacin ƙasar, 1 ga Yuni a al'ada. Mumbai wajen 10 ga Yuni, Delhi ƙarshen Yuni, kafin tsakiyar Yuli ta game ƙasar. A Satumba ta fara janyewa daga Rajasthan, wato inda ta isa a ƙarshe nan take fara bari. Hukumar hasashen yanayi ta Indiya ba ta shelar shigarta don kawai an ga hadari: akwai tashoshi 14 a Kerala da kewayenta, sai kashi 60 cikin ɗari nasu sun auna milimita 2.5 ko fiye kwana biyu a jere, bayan 10 ga Mayu, sannan a duba ko iskar yamma ta yi kauri har sama, a duba kuma gajimare ta tauraron ɗan'adam. Dalilin wannan tsauri shi ne ruwan bazara na yaudara. Manomi ya ga an yi ruwa ya yi shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu, iri ya ƙone. Daga Yuni zuwa Satumba ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan shekara, matsakaicin ƙasar santimita 87. Daga kashi 96 zuwa 104 na wannan adadi damina ce daidai. Ƙasa da 90 an shiga ƙarancin ruwa.

Wurare biyu sun saɓa wa wannan tsari, kuma su aka fi tambaya. Tamil Nadu tana bayan Western Ghats, don haka a Yuli ba ta samun abin kirki. Sai daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da iskar ta juya tana busowa daga arewa maso gabas, ta ɗebi laima a Mashigin Bengal ta zuba wa Chennai. Chennai da Sakkwato kusan layi ɗaya suke, digiri 13 arewa da ikwaita, amma lokacin da muke hunturu su suke tsakiyar marka. Na biyun Punjab ne, inda ɗan ruwan lokacin sanyi ba na monsun ba ne sam, hadari ne da ke tasowa tun daga Bahar Rum, shi ke raya alkama. Daga nan sai ka riƙe noma biyu: kharif, na damina, shinkafa da gero da dawa da gyaɗa da auduga, rabi, na sanyi, alkama da dangoginta, a shuka daga Oktoba a girbe a Maris da Afrilu.

Tarihin kimiyyar ma yunwa ce ta haife shi. An kafa hukumar yanayin a 1875, Henry Blanford ne shugabanta na farko. Shekara guda bayan haka aka shiga yunwar 1876 zuwa 1878 da ta kashe miliyoyin mutane. Blanford ya lura cewa idan ƙanƙara ta yi yawa a Himalaya damina kan yi rauni, da wannan aka fara hasashe a 1886. Hasashen bai hango farin 1899 ba. Gilbert Walker, masanin lissafi, ya karɓi hukumar a 1904, ya sa ma'aikata suna kwatanta alƙaluman matsin iska na duniya da hannu, har ya gano cewa idan matsi ya hau a yankin Darwin na Ostareliya yakan sauka a Tahiti, kuma wannan lilo yana da alaƙa da daminar Indiya. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Jacob Bjerknes ya haɗa shi da ɗumamar ruwan Tekun Pasifik da ake kira El Nino. Kada ka ce duk shekarar El Nino fari ne a Indiya. An yi ƙarancin ruwa a shekarun El Nino na 2002 da 2009 da 2015, gaskiya, amma a 1997 an yi El Nino mai ƙarfin gaske damina ta zo daidai, saboda ɗumin yammacin Tekun Indiya ya cike giɓin. Kuma kada ka ɗora duk yunwa kan sama. A 1877 ana mutuwa ana fitar da hatsi zuwa Ingila, a zamanin gwamna Lytton. Yunwar Bengal ta 1943, wadda ta ci mutum miliyan biyu zuwa uku, yaƙi da tsadar shinkafa da sakacin mulki ne suka fi jawo ta.

A tarihin teku ne monsun ta fi daɗin karatu. Jirgin da iska ke turawa ba shi da zaɓi: wata shida ana iya zuwa, wata shida ana iya komawa. Fataken Masar na zamanin Rumawa sukan tashi a Yuli, su gangara Bahar Maliya, daga bakinta su yi kwana arba'in zuwa Muziris a gaɓar Kerala, su sayi masoro, su jira Disamba ko Janairu iska ta juya. Strabo, masanin labarin ƙasa na wancan zamani, ya rubuta cewa jirage 120 ke tashi zuwa Indiya a shekara daga tashar Myos Hormos kaɗai. Idan aka tambaye ka wa ya "gano" iskar, amsar littafi Hippalus ce, wani matuƙin jirgi Bagirke, amma ka sani matuƙan Indiya da Larabawa sun daɗe suna amfani da ita. Jiran iskar nan shi ya gina garuruwa. Ɗan kasuwa da zai zauna wata uku ko huɗu dole ya nemi masauki da masallaci da dillali, wani ma ya yi aure. Haka al'ummar Musulmin Mappila ta kafu a Kerala, haka Kilwa da Mombasa suka bunƙasa, haka Malaka ta zama mahaɗa tsakanin jiragen Indiya da na Sin. Ibn Battuta kansa sai da ya yi wata uku a Kalikut, a gaɓar Kerala, yana jiran lokacin tafiya Sin.

Vasco da Gama, matuƙin jirgi ɗan Fotugal, shi ne misalin wanda ya yi wa iskar taurin kai. Ya bar Malindi, a gaɓar Kenya ta yau, ranar 24 ga Afrilu 1498, ya isa Kalikut 20 ga Mayu, bai cika wata ba. A dawowa ya tashi kafin iska ta juya, ya shafe wata uku a teku, bai ga Malindi ba sai Janairun 1499, mutanensa kusan talatin suka mutu da cutar kumburin dasashi saboda rashin ɗanyen abinci. Ana yawan cewa Ahmad ibn Majid ne ya yi masa jagora. Ibn Majid gwanin teku ne na gaske, ya rubuta littafin tuƙi a 1490, amma yawancin masana tarihi a yau ba su yarda shi ne jagoran ba, don haka ka duba yadda aka gina tambayar.

Akwai igiyar da ta iso har gidanmu. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi, asalinsa tsibiran Maldibis ne, kudu maso yammacin Indiya. Jiragen monsun ne suka fara kwasarsa zuwa Bengal da ƙasashen Larabawa, daga baya Turawa suka riƙa jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa.

Yaƙe-yaƙe biyu ka liƙa musu ruwan sama. A shekara ta 326 kafin miladiyya Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya ci sarki Porus a bakin kogin Jhelum, amma da aka kai kogin Beas cikin marka, sojojinsa suka ce ba za su ƙara taku ba, dole ya juya. A Plassey kuma, 23 ga Yuni 1757, ruwan tsakar rana ya jiƙa albarushin Siraj ud-Daulah, sarkin Bengal, mutanen Robert Clive, jagoran sojan Turawan Ingila, kuwa sun rufe nasu da tamfol. Sai dai ruwan ƙarashe ne. Cin amanar Mir Jafar, wani babban kwamandan Siraj, wanda ya tsaya da rundunarsa bai shiga yaƙin ba, shi ya yi aikin.

A adabi, sunan da ba zai wuce ka ba shi ne Kalidasa, mawaƙin tsohon harshen Sanskrit da ake dangantawa da zamanin daular Gupta. A waƙarsa Meghaduta, wani da aka kora daga gida yana roƙon gajimaren farkon damina ya kai wa matarsa saƙo, yana zayyana masa hanya daga Ramagiri a tsakiyar Indiya, ta Ujjain, har Alaka a Himalaya. Ɗora hanyar a kan zanenka za ka ga arewa ta nufa, yadda damina ke haurawa. Rabindranath Tagore, ɗan Bengal da ya ci kyautar Nobel a 1913, shi ma yana da tarin waƙoƙin damina.

Wajen bita, kada ka rubuta shekara ita kaɗai a kati. Rubuta ta a kan taswirar, a wurin da abin ya faru, da kibiyar iska a gefenta: 1498 a Kalikut, 1757 a Bengal, 1861 a Khasi, 26 ga Yuli 2005 a Mumbai, ranar da aka auna milimita 944 cikin awa 24. Idan takardar ta cika, sake zana sabuwa ba tare da ka leƙa tsohuwar ba, ka ga me ya ɓace. Daulolin Maurya da Gupta da Mughal sai su zo a zagaye na biyu, kuma za ka tarar manyan biranensu, Pataliputra da Agra da Delhi, duk a kwarin Ganges da Yamuna suke, kan hanyar kibiyarka ta biyu.